Gurasar Neman Auren Mazol

Tsoro ya kama ni ne sa'ad da maƙwabcinmu Baba Amnun, mahaifin Mazol, ya buɗe ƙofa, ya leƙa bayana bai ga kowa ba. A garinmu Bukhara manya ke kai gurasar neman aure, a gutsura ta idan an amince. Ni kuwa na zo ni kaɗai, ban daɗe da gama jami'a ba, don mahaifiyata ta ce ba za ta nemo mini Bayahudiya ba.

"Ulugbek, murhu ka zo kunna mana?" in ji shi. Tun ina yaro nake yi musu haka ranar Asabar, don Yahudawa ba sa kunna wuta a ranar.

Na miƙa ƙunshin gurasar. "Mazol nake so, Baba."

Galina, maƙwabciyarsu Kirista, ta ajiye kofin shayi. "Ja'iri! Duk digirin naka ka manta ba sa ƙulla magana ran Asabar?"

"Ina mahaifiyarka?" Baba Amnun ya tambaye ni.

"Ba ta da lafiya."

Mazol ta ɗago kai ta dube ni. "Ɗazu muka gaisa da ita ta katanga," ta ce a hankali.

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Ɗana, mahaifiyarka ce ta yi jinyar matata har ta cika," in ji Baba Amnun. "Ba zan gutsura gurasa a bayan idonta ba. Gobe zan je wurinta da kaina."

Yau Lahadi, tun safe yake gidanmu wurin mahaifiyata. Ina zaune a ƙofa, har yanzu ba wanda ya kira ni.