Gurbin da Kawu Ya Bari

Da ruwan teku ya janye da hantsi, Meeria ta sake ganin gurbin nan, ranta kuma ya sake ɓaci.

Layi arba'in na tongo ita da mutanen ƙauye suka dasa a bakin gaɓar kudu, itacen da ke kafa saiwa cikin ruwan gishiri ya riƙe ƙasa. Kowane layi ya miƙe samɓal, sai a tsakiya, inda aka bar fili kamar shimfiɗar tabarma guda. Kawunta Baraniko ne ya bar shi, alhali duk tsibirin ba wanda ya kai shi iya dashe.

"Kawu, wannan giɓin fa? Ƙofa ka bar wa teku ta shigo gaishe mu?"

"Ƙasar wurin da tauri, 'yar nan. Ba zai kama ba."

Ya kewaye wurin daga nesa, hularsa a hannu duk da ranar da ake ƙwallawa.

Meeria tana da sati biyu a duniya aka tafi da ita Tarawa, babban birnin ƙasar, bayan mahaifiyarta Aroita ta rasu wajen haihuwarta. Shekara ashirin da takwas ba ta tako tsibirin ba. Da aka ce ana neman mai kula da dashe a can, ita ta fara ɗaga hannu, kuma ba son itace ne ya sa ta ba. Burinta ɗaya, ta durƙusa a gaban kabarin matar da ba ta taɓa gani ba. Mutanenta a gefen gida suke binne nasu, su malala farar tsakuwa, su ɗora dutse. Har furannin roba ta sayo, suna nan a ƙasan jakarta.

Tun ranar da ta sauka take roƙon Kawu ya kai ta. Kullum amsa ɗaya ce: a bari a gama aiki. In ta tambayi matan ƙauye, sai kowace ta tuna ta bar kifi a wuta. Ga shi jirgin da zai mayar da ita ranar Juma'a zai tashi. Abin yana cin ta ƙwarai.

Ta san tsohon yana da ciwonsa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, shi ya ja ragamar gina katangar siminti don a tare teku. Kwakwar ƙauyen ta shekara biyu ta tafi a sayen siminti. Teku kuwa ba ta yi gardama da katanga ba, kewayawa ta yi ta gefe, ta lashe gaɓar kudu da bishiyoyinta da gidajenta, sannan ta dawo ta kayar da katangar. Garin neman gira aka rasa ido. Tun daga nan Baraniko bai ƙara buɗe baki a zauren taron ƙauye ba.

Tongo ba ya cin siminti. Ciwon baya yake ci, da haƙurin shekara goma. Amma giɓi ɗaya ya isa ruwa ya samu hanya ya kwashe na kusa, kuma Meeria ba za ta bar aikinta da ɓaraka saboda taurin kan tsoho ba. Ban da haka, muddin gurbin na nan, Kawu yana da uzuri.

Ranar Alhamis da azahar, da ya tafi juya kwakwar da ya shanya, ta saɓi dagi ta nufi gaɓar kudu.

Tana shiga gurbin ta ji ba laka a ƙarƙashin ƙafarta, sai ƙananan tsakuwa. Ta yi tsaki. Ta kafa dagi, ya ce ƙwal a kan wani faffaɗan dutse. Ashe dai tsohon bai yi ƙarya ba, da taurin. Ta gyara tsayuwa ta dinga dankara masa ƙarfen, a na bakwai ya dare. Ta ɓanɓaro gutsattsarin, duk gansakuka ta rufe su, ta yi jifa da su can cikin zurfi. Ta dasa tongo goma sha biyu, layi ya haɗu da layi.

Tana share gumi ta hango shi tsaye a bakin ruwa.

"Ka gani, Kawu? Abin da ya gagari maza, mace ta gama. Aiki ya ƙare, uzuri ya ƙare. Bari in ɗauko furannina ka kai ni wurin uwata."

Bai yi dariya ba. Ya cire hula, ya shigo ruwan a hankali, ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa, bai ƙara taku ɗaya ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Kullum na buɗe baki in gaya miki, sai kunya ta shaƙe ni. Ƙanwata ce, ni na haƙa mata kabari da hannuna, ni kuma na turo mata ruwan." Ya dubi ƙafafunta. "Meeria, a kanta kike tsaye."