Ƙasar Zauren Ubansa

Tunda ka ce gyaran gida ya cinye maka aljihu, gyara zama ka ji misalin wani direban babbar mota. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a kudu yana jigilar kaya. Gida kuwa sai dai aike, in an yi rasuwa ya zo ya kwana biyu ya juya. Da ƙarfinsa ya ja baya, ido ya daina ganin hanya sosai, sai ya tattara abin da ya tara ya dawo garinsu. Iyaye sun riga mu gidan gaskiya, 'yan'uwa mata kowa tana ɗakin mijinta, gidan yana nan a kulle. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne zauren ubansa, zauren ƙasa mai rufin ɗaurin guga, wanda in rana ta take ka shiga sai ka ji kamar ka sha ruwan randa. Nan tsohon yake shimfiɗa buzu yana ɗinkin hula, abokansa na kewaye da shi ana fasa goro. Nan aka raɗa wa direban suna, nan ya koyi durƙusawa ya gai da manya. Ya ce shi dai zauren nan ba zai faɗi yana numfashi ba. A ganinsa aikin mako biyu ne, a toshe inda ke yoyo, a shafe bango, shi ke nan.

Ashe lissafin dokin Rano ya yi. Magini na ɓamɓare yaɓen rufi sai ga azara gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo. Aka sayo sabuwa da ɗan karen tsada, don giginya ta yi wuyar samu. Aka zo ɗorawa, bangon gabas ya ce bai san zancen ba: indararo ya faɗi tun shekarun baya, ba wanda ya mayar, ruwan damina goma yana bin bangon yana cin gindinsa. Kududdufin bayan gari da ake ɗibar ƙasar gini kyauta an cike shi an yanka filaye, yanzu sai an yi hayar tifa. Ruwan kwaɓi ma sai an kira 'yan garuwa. Kullum gari ya waye da sabuwar magana, magini ya sosa ƙeya, direba ya sa hannu a aljihu. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayar da babbar rigar da ya tanada don Sallah, aikin bai kai rabi ba, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Abin ya ɗaure masa kai. Yaya aka yi ubansa, maɗinkin hula da ko jaki bai mallaka ba, ya riƙe wannan gida shekara hamsin ba ko tsaga?

Sai ya tuna. Duk shekara in an gama girbi, maƙwabta kan taru a gidansu da sassafe, a naɗe wando zuwa gwiwa, a shiga taka ƙasa ana waƙa ana tsokanar juna, matasa na cilla curi sama, dattawa na shafewa da tafin hannu. Uwarsa ta dama kunun tsamiya a babbar ƙwarya, a ci tuwo da azahar, a raba goro, kafin la'asar gida ya koma sabo. Tuna wannan ya sa shi ƙwalla, ya kuma ji daɗi, don yana ganin ya samu mafita. Ya sayi goro ya shiga bin gidajen unguwa yana kiran gayya. Kowa ya karɓe shi da fara'a, aka yi masa sannu da dawowa. Ranar da ya sa, aka dama kunu, ya zauna yana duban hanya. Mutum ɗaya ne ya zo, wani tsoho abokin ubansa, yana dogara sanda.

Direba ya ce, "Baba, me na yi wa mutanen unguwar nan?"

Tsoho ya ce, "Ba ka yi musu komai ba, ɗana, abin ke nan. Babu gida a unguwar nan da ƙafar mahaifinka ba ta taka wa ƙasa ba. Taka fa, gidan wa ta taka wa?"

Bai yi fushi ba, don ya san gaskiya aka faɗa masa. Ya auna abin da ya rage a hannunsa, ya ga ba zai tsai da zaure da ɗakunan kwana gaba ɗaya ba, mutum kuwa ba ya kwana a cikin tuna baya. Da kansa ya ɗauki diga ya fara saran zauren, bai bari lebura ya taɓa ba. Azarar da ya sayo aka rufe ɗakin uwarsa da ita. Ƙasar zauren kuma ya jiƙa ta, ya tuɓe takalmi ya shiga yana takawa shi kaɗai, da ƙafar da ta saba da totur ta manta laka, tsohon nan na zaune a inuwa yana nuna masa inda ba ta taku ba. Da ita aka yaɓe sauran gidan kafin ruwan farko. Ya samu wurin kwana, amma a inda ubansa yake zama yanzu ƙofar langa-langa ce, kuma har yau in zai wuce ta sai ya sunkuyar da kai.

Ka ga tsadar da ta kayar da shi ba a kasuwa ta fara ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.