Dutsen Daular Zarmandu

Aibin Mushe Félix ɗaya ne: bakinsa yakan riga iliminsa isa wuri.

Wata uku ke nan yana rubuta labarin wata daula ta cikin taurari, wadda sarkinta ya gina fada da dutsen zarmandu. Wuta ba ta cinsa, ruwa ba ya cinsa, duk duniyar da aka kafa shi ta zama ta sarki. Félix har samfuri gare shi, wani jan dutse mai santsi da ramuka da ya tsinta a Kore Mairuwa. Ya rantse wa malaman lakwal, makarantar boko, cewa daga sama ya faɗo, kuma yau za su gani, musamman Rabo da ke masa dariya.

Tun jiya da la'asar ya jiƙa shi a bokiti don ya yi ƙyalli. Da safe ya lalube, babu komai.

"Germaine, wa ya ɗauke min dutsena?"

"Ba wanda ya taɓa shi, Mushe. Yana nan cikin ruwan."

"Ina?"

Matar ta tsoma yatsa ta ɗanɗana.

"Ga shi kuwa. Guntun gishirin Balma ne, tumaki suka lashe shi ya yi santsi."