Abin da gara ta bari

Babana mai zane ne. Yana sayar da hotunan bugu a kasuwar Tambuwal, a gida kuma yana rubuta littafin tatsuniyoyi, yana zana dabbobin da hannunsa. Burinsa ya kai Sakkwato a buga.

Wata la'asar bayan damina ya jawo gafakar littafin daga ƙarƙashin gado. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Da ya buɗe, sai gara ta zubo. Zanen kan kura kaɗai ya tsira.

Inna ta ce, "Malam, sai ka sake wani."

Ya ɗaga hannunsa da tsufa ya sa rawa, ya ce, "Da wannan?"

Yau da furfurata nake koyon karatu a ajin manya. Na fara haɗa baƙi, amma ko layi ɗaya na Baba babu da zan karanta.