Giɓin Jingar Gindin Tsamiya

Bube ya isa fadama da sassafe ya tarar da buhunan yashin da ya jera jiya an watsar da su, wasu ma an farke musu ciki da lauje. Bai tambayi kowa ba. Ya san aikin ƙanensa Siddiq ne, domin shekaranjiya shi ma haka ya yi wa na Siddiq ɗin.

Gonakinsu na shinkafa suna manne da juna a bakin gulbi, yamma da Kagara, kuma jingar ƙasa ɗaya ce mahaifinsu ya bar musu tana tare musu ruwa. Bara ta ɓalle daidai gindin wata tsamiya, a ɗan tsakanin da kowannensu yake cewa nasa ne. A fadamar kuwa kowa ya sani, wanda ya gyara jinga shi ake ɗauka mai wurin. Saboda haka kowa yana son toshe giɓin, kuma babu wanda zai bar ɗan'uwansa ya toshe.

Ran nan da hantsi mai shela ya zaga gari: ruwa ya cika dam ɗin Goronyo, za a saki, kowa ya kula da jingarsa.

Mahaifiyarsu Turai ta aika aka kira Bube. Ya durƙusa a bakin ƙofarta yana huci.

"Ka jiya shela?" in ji ta.

"Na jiya, Inna."

"To, ka bar mai wurin. Shi aza buhunanshi, a huta."

"In bar mai? Ni na babba hwa, Inna!"

"Don kai na babba ni kira ka. Mi ad da amfani ga kunyar shuka huɗu da tsamiya, in gulbi ya shigo? Tawa 'yar gona tana ƙasan taku, ka manta?"

Jikin Bube ya yi sanyi. Amma da ya shiga gida, matarsa Adawiyya tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Yau tsamiya, gobe rabin gona. Jibi kuma sai ka miƙa mai hular kanka, mu san wa a maigida."

Maganar ta soke shi. Ya sa aka ɗora wa jaki sababbin buhuna, ya nufi fadama.

Siddiq ya riga shi isa, ya tuɓe riga yana cika buhu. Gulbi ya riga ya canza launi, ya yi ja, yana tafe da karare da kumfa. Maƙwabtansu na gona sun taru suna roƙo.

"Ɗauke hannunka ga jingata!" Bube ya daka tsawa.

"Jingarka? Yaya, ka kawo wanda ya ba ka ita in gani!"

Wani dattijo mai gona a gefensu, Malam Zayyanu, ya shiga tsakani. "Ku ji tsoron Allah, ku dubi ruwa! Ku bari mu mu toshe, in ya so ku yi shari'arku bayan kaka."

"Ba mai taɓa ta!" suka faɗa kusan tare.

Siddiq ya aza buhu, Bube ya janye. Bube ya aza nasa, Siddiq ya hankaɗe shi. Suka kama kokawa cikin laka, mutane na janye su. Sai wani ya yi ihu. Ruwa ya fara zurarowa ta giɓin, siriri kamar igiya, sannan ya kai kaurin cinya.

Bube ya saki wuyan ƙanensa. Ya dubi shinkafarsa da ta yi zangarniya ta sunkuyar da kai, ya hango ta Inna can ƙasa. Ya ce, "Wurin naka na, Siddiq. Har tsamiyar. Aza buhu, ni miƙo maka!"

Siddiq ya yi tsalle cikin giɓin. Bube na miƙowa, shi yana jerawa, maƙwabta suka rufa musu. Da a ce jiya ne, da tuni an gama. Yau kuwa ƙasar ta riga ta jiƙe har ciki. Jinga ta yi wata irin ƙara ta zube, ruwa ya kwashe Siddiq ya maka shi a jikin tsamiyar. Da igiyar jaki Bube ya jawo shi, ƙafarsa ta dama a karye.

Kafin azahar babu gona ko ɗaya da ake gani. Tasu ta tafi, ta Turai ta tafi, ta Malam Zayyanu da na wasu mutum shida da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Da yamma Bube ya zauna a gefen tabarmar da aka ɗora ƙafar ƙanensa. Siddiq ya kama hannunsa yana hawaye. "Yaya, ni ma na bar maka."

Turai ta dube su ta girgiza kai. "Yanzu kowa na bari, da babu abin bari. Mi za mu ci bana?"

Adawiyya tana bakin ƙofa da kwanon fura, ta kasa shigowa.

Da ruwa ya janye, Bube ne ya ɗauki buhunan, ya ce kowa ya shaida, ko da shi ya gyara, jingar ta Siddiq ce. Ya toshe ta shi da maƙwabtan da ya jawo wa asara, yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a, in rigima ta tashi a gida, kada ka jira ɗan'uwanka ya fara sauka. Barin son ranka domin zaman lafiya ba faɗuwa ba ce, abu ne da Allah yake so. Amma ka yi shi da wuri, tun akwai abin da za a ceta.