Kofi Uku a Kan Kabari

Shugaban kamfanin ya durƙusa gaban kabarin, ya buɗe kwalbar giyar soju. Matar mamacin na tsaye tana kallo.

Shekara ashirin yana ɗura wa mijinta giya, ma'aikacinsa da yake kira ƙanensa, don a al'adarsu ƙarami ba ya mayar da kofin babba. Da mijin ya kurɓa, sai fuskarsa ta yi jajur, a fashe da dariya. Sai da ciwon daji ya ci maƙogwaronsa likita ya ce da ma hantarsa ba ta da sinadarin kashe dafin giya. Jan fuskar gargaɗi ne.

Shugaban ya tsiyaya wa kabarin kofi uku, bisa al'ada.

"Kin gani, matar ƙanena?" ya ce da murmushi. "Yau ya shanye tas, ko ja bai yi ba."