Jarkar Ya Gumsu

Tun ranar da Gumsu ta iso unguwar Gwange da goyo a baya da jarka a hannu, ba wanda ya taɓa ganin ta zubar da ruwa, ko da ɗigo.

Gudun hijira ne ya kawo ta. Da aka ƙone ƙauyensu ta faɗa daji da 'ya'ya biyu, Imran yana takawa, Siddiƙa a goye. Ruwan jarkar ya ƙare a hanya. Imran ya yi ta cewa "nji, nji," wato ruwa da Kanuri, har muryar ta koma raɗa, ta ɗauke. Ta rufe shi da ganye a gindin wata aduwa, ta ci gaba da tafiya. Mijinta kuwa har yau babu labari.

Wan mijin, Ba'ana, ya ba ta ɗaki a gidansa, gidan da ya cika maƙil da masu gudun hijira, ga masai ɗaya tak. In mai kura ya kawo ruwa, Gumsu ta zuba sabo a kan tsoho. Wanda yara suka sha suka rage, ta mayar. Kai, har ragowar butar da aka fito da ita daga bayan gida, tsiyaye ta take yi cikin jarkar nan!

Ladi, maƙwabciyar ɗakinta, ta kasa haƙuri. "Haba Ya Gumsu! Ruwan buta fa? Kawo in juye miki jarkar nan, in wanke ta da sabulu."

Gumsu ta rungume jarkar kamar za a ƙwace mata ɗa. "A juye? Ladi, ke ba ki san ƙishirwa ba."

Ladi ta ƙyale ta. Wa zai yi gardama da matar da ta baro ɗanta a daji?

Da damina ta sauka, Siddiƙa ta fara zawo da amai. Kafin a ankara idanunta sun faɗa, ta yi laushi tuɓus. Ba'ana ya tare Keke Napep, suka bi shingayen sojoji ɗaya bayan ɗaya har asibiti.

Ɗakin yara ya cika, bibbiyu a gado, kowa da ledar ƙarin ruwa a rataye. Nas Phoebe ta gama sa wa yarinyar nata, ta dubi Gumsu.

"Maman Siddiƙa, kin ga yaran nan? Yawancinsu abu ɗaya ya kawo su. Ƙazantar bayan gida ce take samun hanya zuwa baki, ta ruwa, ta hannu, ta kwanon abinci. Ido ba ya ganinta. Ki ci gaba da ba ta nono, ki ba ta ruwan gishiri da sukari da muka haɗa. Ruwan gida kam, kada ya taɓa bakinta sai an tafasa."

Gumsu ta ce to. Amma cikin ƙullin zaninta akwai 'yar gora da ta cika daga jarkarta, don ba ta zuwa ko'ina babu ita.

Yarinya ta fara farfaɗowa, har tana wasa da ɗankunnen uwarta. Wata rana da azahar kofin asibiti ya ƙare, Nas Phoebe kuma tana can kan wani yaro da ya suma. Siddiƙa ta buɗe busassun leɓɓanta ta ce, "Nji."

Gumsu ta duba kofin, babu ko ɗigo. Wallahi ba muryar Siddiƙa ta ji ba, ta Imran ce, daga gindin aduwa. Ta kwance zani, ta kafa mata gorar a baki. Daga ranar, duk sanda yarinyar ta nema, sai ta juya baya ta ba ta a ɓoye.

Zawon ya dawo, wannan karon da jini. Jikin da yunwa ta riga ta cinye bai iya ɗauka ba. Aka yi iya yi, Siddiƙa ta cika a cinyar uwarta. Da Nas Phoebe ta ga gorar a gefen gado, ba ta yi faɗa ba, hawaye kawai ta share.

Bayan an watse daga gaisuwa, Gumsu ta fito da jarkar tsakar gida, ta kifa ta da hannunta. Ruwa ya malale, sannan wani baƙin yauƙi mai wari ya biyo baya. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ladi," ta ce, "na farko ban ba shi ba ya tafi. Ta biyu ni na ba ta."

Har yanzu in wani yaro ya nemi ruwa a gidan, sai ka ga Gumsu ta zabura tana waige-waige.

Jama'a, ba duk ruwa ne ke raya yaro ba. Mu tafasa ruwan sha, mu riƙa juye mazubi muna wankewa, mu raba buta da abin shan ruwa, mu wanke hannu da sabulu. In yaro ya fara zawo a garzaya asibiti, abin da aka hana kuma kada tausayi ya sa mu ba shi a ɓoye.